Wace kalma za mu tsayar wa "jour férié"? Misali daga Nijar ta 2024

'Yan'uwa masu aikin jarida da masu nazarin harshe, duk wanda ya zauna tsara tarihin shekarar 2024 a Jamhuriyar Nijar da Hausa zai tarar yana buƙatar rarrabe abubuwa biyu: ranakun da wani babban al'amari ya auku, da ranakun da doka ta ce a rufe ma'aikatu. Ranar 28 ga Janairu, da Nijar da Mali da Burkina Faso suka sanar da ficewa daga CEDEAO, wato ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma, babbar rana ce, haka ma 6 ga Yuli da shugabanninsu suka kafa tarayyar ƙasashen Sahel a Yamai, amma ba a wajabta hutu a kansu ba. Ita kuwa 26 ga Yuli, ranar juyin mulkin 2023, a 2024 ne hukumomin soja suka shigar da ita sahun abin da Faransanci ke kira "jour férié", Turancin Najeriya kuma "public holiday". Wannan sahun ne nake neman mu tsayar masa da suna, musamman tunda kundin tafiyar da mulkin Nijar da aka zartar a Maris na 2025 ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa.

A bakin jama'ar Nijar ana yawan cewa "salla", kamar yadda ake kiran 1 ga Mayu sallar ma'aikata. Kalmar tana da daɗin ji, kuma ba na son ta ɓace daga hira, sai dai a takardar hukuma tana haɗa ibada da siyasa wuri guda, alhali 24 ga Afrilu, ranar tunawa da yarjejeniyar sulhu ta 1995 da 'yan tawayen arewa, ba ta da alaƙa da filin idi. "Ranar hutu" da gidajen rediyo suka saba da ita ta yi faɗi, domin Lahadi ma ranar hutu ce. "Hutun gwamnati" kuma yana sa mai sauraro ya ɗauka na ma'aikatan gwamnati ne kaɗai, bayan kuwa bankuna da kamfanoni masu zaman kansu ma suna rufewa.

Shawarata ita ce "ranar hutun ƙasa", jam'inta "ranakun hutun ƙasa". Tana ɗaukar 3 ga Agusta ta samun 'yancin kai a 1960, wadda kuma ake dashen itatuwa a cikinta, tana ɗaukar 18 ga Disamba ta kafa jamhuriya a 1958, sannan tana ɗaukar ƙaramar salla da babbar salla da Maulidi da Kirsimeti ba tare da ta rage wa kowace daraja ba. A Najeriya ma za ta yi aiki, ta bar wa "hutun jiha" gurbi idan gwamna ne ya ba da hutun, kamar yadda Kano kan yi a sabuwar shekarar Musulunci. Ranar da ake biki ba a rufe ofis ba, irin 15 ga Janairu ta 'yan mazan jiya a Najeriya, sai a kira ta "ranar tunawa" kawai, kada a jingina mata hutu.