Me ya sa George Eliot ta ari sunan namiji?

Auta: Assalamu alaikum. An ce min George Eliot, mai rubuta littattafan labari a Ingila, mace ce, sunanta na yanka Mary Ann Evans, kuma dole ce ta sa ta ɗauki sunan namiji don a Ingila ta zamanin Sarauniya Victoria ba a barin mace ta buga littafi. Ni dai na yarda. Akwai mai ja?

Malama: Wa alaikumus salam. Mace ce kam, an haife ta a 1819 kusa da Nuneaton. Amma "ba a barin mace" ɗin nan bai zauna ba. Harriet Martineau da Elizabeth Gaskell suna rubutu a lokacin, kowa ya san mata ne, ana kuma rububin littattafansu. Ita kanta a 1854 ta fassara littafin Feuerbach daga Jamusanci, sunan Marian Evans aka buga a kai ɓaro-ɓaro.

Kawu: Malama, kar a yi wa yarinyar nan taron dangi. 'Yan gidan Brontë fa? Su uku mata, a 1846 suka fito da sunayen Currer da Ellis da Acton Bell. Haka kawai mutum zai ɓoye sunansa?

Malama: Kawu, ba hana su aka yi ba, raina su ake yi. Littafin mace in ya fito, masu sharhi sai su shafa masa kai su wuce. Kuma ita Evans ta san cikin wannan harka, don ta yi aikin tace mujallar Westminster Review a Landan. A 1856 ma ta rubuta maƙala ta yi kaca-kaca da labaran shirme na wasu mata marubuta. Wadda ta faɗi haka ba za ta so a jefa nata cikin kwando ɗaya da nasu ba.

Hajiya: Duk kuna kewaye-kewaye. Ku faɗi maganar Lewes mana. A 1854 ta bi George Henry Lewes zuwa Jamus, suka dawo suna zaman miji da mata ba aure, shi kuma da matarsa Agnes a raye. Sakin bai yiwu masa ba, don matar ta haihu da abokinsa, shi kuma ya karɓi yaron a takarda a matsayin nasa. To ku duba abin da ta fara rubutawa a 1857 a mujallar Blackwood: labaran limaman coci na ƙauye. Matar da ta taɓa ƙin zuwa coci har suka ɓata da mahaifinta, ta fassara littafin Strauss da ya girgiza masu addini, ga ta a ɗakin mijin wata, ita ce za ta ba iyalai labarin limami? Wa zai bari ya shiga gidansa? Ba macen ta ɓoye ba, wace mace ce ta ɓoye. Ko "George" ɗin ma sunan Lewes ne.

Auta: To Hajiya, ai duk tsoro ne. Da namiji ne ya yi wannan zaman, sai ya canza suna?

Hajiya: Nan kam kin yi gaskiya, 'yata. Lewes ana gayyatarsa cin abinci gidajen manya, ita tana gida. Yayanta Isaac ya yanke hulɗa da ita a 1857, bai sake rubuta mata wasiƙa ba sai 1880 da ta auri John Cross.

Kawu: Amma ɓuyan bai daɗe ba. Marubuci Charles Dickens tun farko ya ce wannan hannun mace ne. Da littafinta Adam Bede ya yi kasuwa a 1859, sai aka baza cewa wani Joseph Liggins ne marubucin, shi kuma ya yi lamo yana shan yabo, har ana tausaya masa wai ba a biya shi ba. Wannan ya tilasta aka faɗi gaskiya. Kuma me ya faru? The Mill on the Floss ya fito a 1860, aka saye. Sarauniya da kanta tana karanta ta. To ina tsoron?

Malama: Shi ya sa ta riƙe sunan har Middlemarch, 1871 zuwa 1872. Ya riga ya zama tambarin kaya. Kamar marubutanmu na intanet masu "Maman wane", ko an gane su ba sa sauyawa.

Hajiya: Littafin aka karɓa, Kawu, ita an daɗe ana ɗari-ɗari da ita. Da ta rasu a Disamba 1880 ba a binne ta a Westminster Abbey ba, cocin da ake binne manyan Ingila, maƙabartar Highgate aka kai ta, kusa da Lewes. Sai 1980 aka sa mata dutsen tunawa a Westminster Abbey.

Kawu: Wannan kuma har da batun barin addininta, ba Lewes kaɗai ba.

Hajiya: Masanin kimiyya Darwin fa? A 1882 ba a can aka binne shi ba?

Kawu: Hajiya, kin fara ko. Bari in dawo daga masallaci.