Neman kalmar Hausa: wane suna za mu ba “speakeasy”?

Malamin sakandare, daga wani ƙauye a ƙasar Gaya:

Assalamu alaikum. Allah ya gafarta Malam, da sauran masu bibiyar wannan zaure, ina neman shawara a kan kalmar Turanci “speakeasy”, wadda yanzu take yawan fitowa a finafinan Amurka da ake fassarawa, waɗanda samarinmu suke kallo a waya da gidan kallo. Masu fassara suna cewa “gidan giya” kawai, kuma a ganina wannan ya zubar da rabin ma'anar, domin abin da ya bambanta wurin da sauran gidajen giya shi ne ɓoye shi da ake yi.

Kalmar ta yi tashe ne a zamanin da Amurka ta haramta sarrafa barasa da sayar da ita da safararta, daga watan Janairu na 1920 zuwa 5 ga Disamba 1933, lokacin da gyara na 21 ga tsarin mulkinsu ya soke gyara na 18 da ya kawo haramcin. Dokar ba ta hana shan barasar kanta ba, saboda haka masu sha suka ci gaba da nema, masu sayarwa kuma suka koma ɗakunan ƙarƙashin ƙasa da bayan shagunan aski da na kayan masarufi. Mutum zai ƙwanƙwasa ƙofar da ba ta da alama, a leƙo shi ta wata 'yar kafa, ya faɗi kalmar sirri ko sunan wanda ya turo shi, sannan a buɗe masa. Irin wannan ciniki ne ya azurta 'yan daba kamar Al Capone na Shikago. Ma'anar kalmar ita ce a yi magana a hankali, kuma an riga an yi amfani da ita a jihar Fensilbaniya tun shekarun 1880 ga wuraren da ke sayar da giya ba lasisi. Saboda wannan asali nake ba da shawarar “mashayar raɗa”, amma ina jiran gyaran Malam.

Tsohon malamin Hausa, daga ƙasar Ringim:

Wa alaikumus salam, ɗana. Tambayarka ta yi kyau, kuma kafin wani ya ce me ya haɗa mu da sunan gidan giya, ina tunatar da shi cewa Hausa tana da kalmar caca da ta sata, kuma sanya wa abu suna ba halatta shi ba ne.

“Mashayar raɗa” tana da daɗi a kunne, amma ban goyi bayanta ba. Ka bi sawun kalmar Turanci ne, alhali Bahaushen da bai san Turanci ba, wanda dominsa ake fassarar, idan ya ji ta zai ɗauka wuri ne da mashaya suke taruwa suna gulmar mutane, domin a wurinmu raɗa ta fi kusa da tsegumi fiye da tsoron hukuma. Turawan ma da suke faɗin kalmar a yau ba sa jin wata raɗa a cikinta. Abin da suke gani a zuciyarsu shi ne ƙofar da ba a gane ta ba.

Akwai kuma abin da ba ka ambata ba, wanda shi ne ya sa lamarin ya yi wuya. Wuraren da ake kira da wannan suna a yau, a Niyok da Landan da sauran manyan birane, ba su saɓa wa dokar ƙasarsu ba. Suna da lasisi, suna biyan haraji, har ana kama kujera a cikinsu ta waya kafin a je. Ɓuyar tasu ado ce da dabarar jan masu kuɗi. Misalin da ya fi shahara shi ne wani wuri a Niyok mai suna PDT, wanda aka buɗe a 2007: mai zuwa zai shiga ƙaramin shagon sayar da abinci, ya shige cikin tsohon akwatin tarho da ke jikin bango, ya ɗaga kan tarhon ya kira, sai a buɗe masa wata ƙofa ta cikin akwatin. Sunan wurin ma yana nufin don Allah kada ka faɗa, alhali duk duniya ta ji labarinsa. Wannan kamar wasan ɓuya ne na yara a tsakar gida, inda kowa ya san bayan rumbun da aka laɓe. Don haka kalmar da za mu zaɓa dole ta iya ɗaukar wurin 1925 da mai shi yake tsoron 'yan sanda, ta kuma ɗauki wurin yau da mai shi yake son a ɗauki hotonsa a sa a Instagram.

Malamin sakandare:

Na gamsu, Malam. To yaya “mashayar bayan fage”, tunda muna da kasuwar bayan fage, kowa kuma ya san ma'anarta? Sannan wani abokin aikina ya kawo ƙorafi a kan “mashaya” ita kanta, ya ce a nan karkara idan aka ce mashaya, tunanin mutum yana tafiya ne ga tafki ko rafin da Fulani suke kai shanu, kamar yadda ake cewa an cinye burtali da mashaya.

Tsohon malamin Hausa:

Abokin aikinka ya faɗi gaskiya, amma ƙorafin bai kai ya hana mu kalmar ba. Tun da aka ƙaddamar da shari'a a Kano da Jigawa a shekarar 2000, labaran rediyo suke cewa Hisba ta kai samame wata mashaya, kuma ban taɓa jin manomin da ya zaci tafkin shanu aka rufe ba. Jimla ce take raba ma'anonin biyu. “Gidan giya” kuwa yana kawo hoton bukkar burkutu da benci da ƙwarya, wanda ya yi nisa da ɗakin da ake magana a kai.

“Mashayar bayan fage” daidai take da wuraren zamanin haramci, kuma idan kana fassara labarin tarihi kana son ka nuna saɓa doka, yi amfani da ita ba tare da shakka ba. Sai dai idan ka kira wurin da yake da lasisi da wannan suna, ka yi masa ƙazafi, domin bayan fage a Hausa yana nufin abin da hukuma ba ta yarda da shi ba. Wasu za su ce “mashayar sirri”, amma sirri abu ne da mutane ƙalilan suka sani, wurin da ake tallarsa a intanet kuwa ya wuce nan.

Abin da na tsaya a kai shi ne “mashayar ɓoye”. Ka lura ban ce “ɓoyayyiyar mashaya” ba. Ta biyun siffa ce da za a iya ba kowace mashaya da ta faɗa cikin lungu, ko da mai ita bai nufi haka ba, amma “mashayar ɓoye” ta zama sunan wani nau'i, kamar yadda kasuwar dare take nau'in kasuwa, gidan haya yake nau'in gida. Kalmar ba ta ce an saɓa doka ba, ba ta kuma ce an bi ta ba, ta dai nuna cewa ɓoyewa ce sana'ar wurin. Jam'inta “mashayun ɓoye”, kuma baki ba ya sarƙewa wajen faɗinta.

Malamin sakandare:

Allah ya ƙara girma, Malam. Zan rubuta jimlar haka: “Sun shiga wata mashayar ɓoye da ke bayan shagon aski.” Saura abin da ake sha a ciki, wato “cocktail”, wanda na ji wasu masu fassara suna kira lemo, abin da zai iya ruɗar yaro.

Tsohon malamin Hausa:

Kiran sa lemo kuskure ne mai haɗari, kuma ya kamata a daina. Tun a 1806 wata jarida a jihar Niyok ta bayyana shi da cewa barasa ce mai ƙarfi da aka haɗa da sukari da ruwa da wani tsimi mai ɗaci. A zamanin haramci an ƙara dogara da ruwan 'ya'yan itace da zuma don a rufe ɗanɗanon muguwar barasar da ake dafawa a ɓoye, wadda wata har makanta take jawowa ko ta yi kisa. Ka ce “haɗin barasa”, domin kalmar barasa ta fito fili kowa ya san abin da ke cikin kofin. Wanda ake haɗawa ba barasa a ciki, shi ne za ka iya kira “haɗin lemo”, kuma ko shi, idan a mashayar ɓoye aka miƙo shi a cikin fim, ka tabbatar da abin da aka zuba kafin ka fassara.