Taƙaitawa: idan jami'i ya ɗana wa mutum tarko ta waya

Ga abin da aka tsayar a tattaunawarmu kan kamen da ake yi a ƙauyukan Ringim da Gumel.

1. Kowa ya yarda jami'i na iya ɓad da kama a WhatsApp ya ce tiramadol yake nema. Dama kawai ya bayar. Abin ƙi shi ne naci: roƙo, ƙarin kuɗi, kukan rashin lafiya, har wanda bai taɓa harkar ba ya miƙa wuya.

2. A Amurka, irin wannan nacin kariya ce ga wanda ake tuhuma a kotu. A shari'ar Jacobson ta 1992, Kotun Ƙoli ta soke hukunci bayan jami'ai sun shafe wata 26 suna zuga mutumin. A nan Najeriya lauya yakan bi sashe na 14 da 15 na Dokar Shaida ta 2011, masu magana kan shaidar da aka samo ba bisa ƙa'ida ba, kuma alƙali ke auna ko zai karɓi shaidar.

3. Kada a goge hira, don Allah. Wa ya fara magana? Sau nawa aka ce a'a? Guntun hoton allo yakan ɓoye wannan.

4. An rabu a nan. Wasu sun ce "tarko aka ɗana mini" amsa laifi ne a fakaice. Wasu na ganin yana kawo sassauci, muddin lauya ne ya faɗa.