Harsashi na cikin cinyar ƙanena: asibiti ko mai ɗori?

Abu Sadiƙ: Salama, 'yan'uwa. Shekaranjiya 'yan bindiga suka buɗe wa motar kasuwa wuta tsakanin Tsafe da Gusau, harsashi ya sami ƙanena a cinyar hagu. Mai kemis ya wanke ya naɗe, jini ya tsaya, amma harsashin bai fito ba, ba ya iya taka ƙafar, jiya da dare kuma zazzaɓi ya rufe shi. Kawunmu ya dage sai wajen mai ɗori. Ni raina ya fi kwanciya da Asibitin Ƙashi na Dala da ke Kano. Dubu 180 ke hannuna. Za su isa? Kuma sai da takardar 'yan sanda ake karɓar mutum?

Maman Hanif: Subhanallahi. Allah ya tashi kafaɗunsa. A riƙa ba shi zuma da man habbatus sauda safe da yamma.

Baban Iman: Wannan takardar ita ta ci yayana a 2019. A ciki aka harbe shi, muka sa shi a bayan Golf, kansa a kan cinyata. Asibitin kuɗi na farko ko ƙofa ba a buɗe mana ba, ta taga aka ce mu kawo takarda. Muka je ofishin 'yan sanda, aka ce mai sa hannu ya fita. Kusan awa biyu muna tsaye yana ce min "ba ni ruwa", ni kuma ina tsoron ba shi. Kafin mu isa asibiti na biyu hannunsa ya yi sanyi a cikin nawa. Hularsa tana wajen mahaifiyarmu har yau, ta hana a wanke. Ya bar 'ya'ya biyar, ƙaramar idan ta ji ƙarar salansar babur sai ta shige ƙarƙashin gado.

Maman Hanif: Innalillahi. Allah ya jiƙansa, ya raya abin da ya bari.

Anti Nas: Allah ya gafarta masa, Baban Iman. Abin da aka yi muku saɓa doka ne. Tun 2017 Buhari ya sa hannu a dokar kula da waɗanda aka harba: asibitin gwamnati ko na kuɗi dole ya fara magani ba takarda, ba kuɗin ajiya, sannan shi asibitin ya sanar da 'yan sanda cikin awa biyu. Abu Sadiƙ, zazzaɓin nan ya fi harsashin tayar min da hankali, alama ce ciwon ya fara ruɓa. A yi hoton ƙashi yau, a yi masa allurar tetanus. Ba kowane harsashi ake cirewa ba, amma idan ƙashin cinya ya farfashe mai ɗori ya ja ya ɗaure, ana iya kaiwa ga yanke ƙafar. Ku fara da FMC Gusau, wato asibitin gwamnatin tarayya, ta fi kusa, su za su tura ku Kano idan da buƙata.

Ɗan Kasuwar Daji: Doka a takarda ce. Maƙwabcina da aka sa wa ƙarfe a ƙafa bara, sai da ya sayar da gona, dubu 900 ya kashe.

Malam Sani Direba: Haba, 900? Yarona dubu 350 aka yi komai, har da jini leda biyu.

Ɗan Kasuwar Daji: Naka karaya ce ta mota, Malam Sani. Ciwon bindiga sai an shiga tiyata an yi ta wankewa kafin a zo maganar ƙarfe.

Gwanki: Ita Anti ai nas ce, ba likita ba. Mai ɗorinmu shekara arba'in yana aiki, ba mu taɓa jin ya yanke ƙafar kowa ba.

Anti Nas: Ba za ka ji ba, ɗan'uwa, don idan ta yi baƙi ta fara wari wajenmu ake kawowa.

Na Ƙaura: Da ya sha maganin bindiga irin na 'yan tauri, da yanzu harsashin ne ke jinya.

Baban Iman: Ka ji tsoron Allah, mutum na kwance kana wasa.

Na Ƙaura: Afuwan, Yaya. Allah ya ba shi lafiya.

Abu Sadiƙ: Na gode. To yanzu in ɗauko shatar mota zuwa Gusau, ko in jira kuɗin da yayarmu za ta turo ranar Alhamis?

Malam Sani Direba: Abin takaicin ma, da asibitin garinku na aiki da tun ranar an duba shi. Namu shekara uku a kulle, tun da aka sace ma'aikacin lafiyar sauran suka gudu. Mace mai naƙuda a amalanke ake fita da ita, yara ba rigakafi, tamowa ta yi yawa saboda ba a zuwa gona.

Ɗan Kasuwar Daji: A 2022 gwamnatin Matawalle cewa ta yi kowa ya nemi lasisin bindiga ya kare kansa. Wanda bai da kuɗin hoton ƙashi ina zai sami na bindiga?

Gwanki: Mu kam dubu ashirin-ashirin 'yan bindiga suka yanka wa kowane gida kafin a bar mu mu yi girbi. Ku nawa suka ce muku bana?