Kalmar "date" ta kunyata ni a gaban kawuna

Mai tambaya: Assalamu alaikum, 'yan uwa. Ni mutumin Maraɗi ne, da Faransanci na yi karatu, kuma shekara biyu ke nan da mahaifiyata ta turo ni Kano wajen ƙanenta mai sayar da dabino, inda nake koyon Turanci da kaina bayan sallar isha'i. Makon jiya Kawu ya miƙo mini katan ya ce in karanta masa. Na ga "dates" da manyan baƙaƙe a gaba, na ga "expiry date" a gefe, sai na ce masa an rubuta dabinon ya lalace. Da dillali ya zo ya bayyana cewa ranar ƙarewar wa'adi ce, Kawu bai ce mini uffan ba, kuma tun ranar bai sake ba ni takarda ba. Yaya zan riƙa bambance "date" ta dabino da "date" ta kwanan wata?

Wani malamin Turanci: Wa alaikumus salam. Ɗana, kalmomi biyu ne da suka haɗu a rubutu kawai. Ta kwanan wata daga Latin take, daga "data", wato "an bayar", wadda ake sakawa a wasiƙa tare da wuri da rana. Ta dabino kuwa asalinta kalmar Girkanci ce mai nufin yatsa. Ka dubi maƙwabtan kalma: idan lambobi suka biyo ta, rana ce. Mu ma haka muke yi da "wuya" na jiki da "wuya" ta wahala.

Wata 'yar uwa: Malam, a Hausa ai karin sauti yana raba su, a nan kuwa furucin ɗaya ne. Ni a makarantarmu ba a taɓa yi mana wannan bayanin ba, bulala kawai muka sha a kan "bank" na kuɗi da na gaɓar kogi. Ƙanena, ka sayi ƙamus ka haddace ma'anonin duka.

Malamin Turanci: Hajiya, hadda ba za ta fisshe shi ba, domin ƙamus ba zai tsaya tare da shi a shago ba. Shekara ashirin ina koyarwa, jimla ce kaɗai ke warware wannan.

Mai tambaya: Na gode, Malam, amma a jikin katan babu jimla, kalmomi ne a warwatse. A Faransanci ana rubuta ta dabino "datte", ta rana kuma "date", shi ya sa na ɗauka rubutu ɗaya ma'ana ɗaya ce. Ban ga laifina a nan ba. Abin da ya fi damuna shi ne yadda Kawu zai sake yarda da karatuna, kuma har yanzu ba wanda ya taɓo wannan.