Bitar dokar filaye ga sabon lauya a Sakkwato

Sabon Lauya: Assalamu alaikum manyana. Jiya wani dattijo daga Arkilla ya kawo mini rigimar fili, na rasa ta cewa. Ina zan sabunta karatu?

Yaya Barista: Wa alaikumus salam ƙanena. Koma Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978. Sashe na 22: ba a sayar da fili mai shaidar gwamna ko jinginar da shi sai da amincewarsa. Nan mutanenmu ke faɗawa rami, sun yi ciniki gaban mai unguwa sun ɗauka an gama. Bitar ƙungiyar lauyoyi ta NBA ma kar ta wuce ka.

Malama: Fara duba ko filin cikin birni yake. Na karkara, ƙaramar hukuma ke bayarwa.

Sabon Lauya: Na gode, Allah saka da alheri.