Agogon bango mai fitilar niyon ya hana ni sakat, a taimaka

Assalamu alaikum 'yan uwa, don Allah masu sanin harkar lantarki ku zo ku cece ni. Ina nan Jidda, na sayi wani agogon bango a haraj, wato kasuwar gwanjo, riyal 80, irin mai kamar na da ɗin nan aikin hannu, da zoben gilashi mai haske zagaye da shi. Agogon kansa lafiya lau yake tafiya tunda batirinsa daban ne, fitilar ce matsalar, in na jona sai rabin zoben ya kama ja rabin kuma ya dushe yana ƙyaftawa, ga ƙara zzzz kamar sauro ya shiga kunne, uwargida har ta ce in fitar mata da shi daga falo.

Yadda na fahimta ai ba waya a cikin gilashin kamar ƙwan fitila, iskar gas ce aka rufe, ƙaramar taransifoma ta ɗaga wutar zuwa dubban bolt sai gas ɗin ya yi haske. Niyon zalla ja-ja yake bayarwa, shuɗi kuma wani gas ne mai suna agon da ɗan makyuri, wato zaiba. Adaftar da ta zo da shi 12 bolt ce, na canza wata, duk jiya i yau.

To taransifomar ce ta gaji ko iska ce ta shiga gilashin? Na haska da tocila ban ga tsagewa ba. Kuma wa ke gyaran irinsa yanzu? Masu allon shago biyu na je wajen Bab Makka, kowa ya ce shi LED kawai yake yi.